Ɗakin da Laurits Ya Kulle

Ranar Asabar da ta gabata na cika shekara ashirin da biyar ban yi aure ba. Saboda haka aka ɗaure ni a jikin sandar fitilar titinmu, aka jiƙa ni da ruwa, aka zazzage mini garin kirfa har kilo uku, kamar yadda a ƙasarmu ake yi wa duk wanda ya kai waɗannan shekaru ba miji ba mata. Wasu daga cikinku sun ga hoton, sun rubuto suna tambayar abin da ya hana ni dariya. Tambayar tana bisa hanya, kuma zan amsa ta dalla-dalla, amma sai kun yi haƙuri mun koma ranar Laraba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Asta. Ina gina shafukan intanet a wani ƙaramin kamfani a nan birnin Aarhus, mu goma sha ɗaya da injin kofi guda. Galibin masu ba mu aiki likitocin haƙori ne da masu gyaran famfo. Aikina, in an taƙaita shi, shi ne in matsar da maɓalli daga hagu zuwa dama ranar Litinin, in mayar da shi hagu ranar Alhamis, bayan an yi taro biyu a kansa. Ana biya na, kuma ana cewa na iya.

Mu huɗu ne tun muna makaranta: ni, da Malou, da yayanta Laurits, da Esben. Duk ranar Alhamis in an tashi daga aiki, kowa zai zauna a gidansa mu shiga wasan gini na kwamfuta, inda muke da tsibiri namu na kanmu. Shekara shida muna sassaƙa shi, dutse bayan dutse. Tsibirin nan kuwa yana zaune ne cikin wata tsohuwar kwamfuta a kabad ɗin ƙofar gidana, tsakanin injin shara da takalman sanyi. Ni aka damƙa wa riƙonsa, tunda ni ce gwana.

Gidan Laurits yana kan tudun arewa, kuma ba a taɓa gina gida mai muni kamarsa ba. Tagoginsa babu biyu da suka yi daidai da juna. Rufinsa ya karkace kamar hular maye. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe, da allo a samanta: “Na Asta ne. Kada a buɗe sai ranar kirfa.” Cutar dajin jini ta ɗauke Laurits a watan Agustan bara, yana da shekara ashirin da shida. A matsayina na mai riƙon tsibiri, ina iya ratsa kowane bango in leƙa duk inda na ga dama. Wata tara ban leƙa ba. Ina so a rubuta mini wannan a ɓangaren kirki, domin ɓangaren ba shi da yawa.

To, ranar Laraba a gida nake aiki. Malou ta daɗe tana ƙorafin wasan yana tafiyar hawainiya, ni kuma ina so komai ya zama sumul kafin Asabar. Da lokacin cin abincin rana ya yi, na ajiye yankan burodin hatsi da kifin gwangwani a gefe, na buɗe tagogi biyu a fuskar kwamfutata. Ta dama tana magana da tsibirin gwaji, wanda babu komai a kansa sai duwatsu da tumaki, kuma don ɓarna aka yi shi. Ta hagu tana magana da tsibirinmu. Dukkansu baƙaƙe ne da farin rubutu. Niyyata in shafe arewacin tsibirin gwaji gaba ɗaya, in ga ko wasan zai yi sauri.

Sai waya ta yi ƙara. Mama ce daga Lemvig.

“Asta, jirgin ƙasa na ƙarfe tara zan shigo ranar Asabar. Kek ɗin hawa uku ne, saboda haka kada ki sayi komai. Kin wanke labulen nan?”

“Na wanke, Mama.”

“Ba ki wanke ba, na ji a muryarki. Esben zai zo?”

“Shi zai riƙe tiyon ruwa ma.”

“Kin ga irinta ko? Mutum ya ce zai aure ki tun bikin Ista, kin ce za ki yi tunani, yanzu ga shi zai tsaya a titi yana watsa miki ruwa saboda ba ki da miji. Wane irin tunani ne ba ya ƙarewa? Ni sati biyu na yi wa babanki.”

“Kuma kullum kina cewa kin yi gaggawa.”

“Wannan maganar tawa ce da shi. Yaron nan malamin lissafi ne, yana da haƙuri, yana cin abincina har ya nemi ƙari. Ko jira kike ki kai talatin a zuba miki masoro maimakon kirfa?”

Na maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, hannuwana suka ci gaba da aikinsu kamar yadda suka saba. Na rubuta umarnin. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, cikin ladabin da aka san ta da shi. Na ce na tabbata.

“Kina ji na kuwa?”

“Ina ji, Mama.”

A lokacin ne idona ya sauka a kan sunan da ke saman tagar. Ta hagu ce.

Ban yi ihu ba. Na ce wa Mama abinci yana ƙonewa, alhali burodi ne da kifin gwangwani, na kashe wayar. Ban ma tsorata sosai ba, domin ni mutum ce mai tsari. Kowace safiya kwamfutar tana ɗaukar kwafin tsibirin da kanta ta ajiye, kuma tana riƙe talatin na baya-bayan nan. Na buɗe ma’ajiyar. Ga su nan su talatin, a jere, kowanne da kwanan watansa, abin sha’awa. Na buɗe na ranar: babu komai a ciki. Na buɗe na jiya, haka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na talatin.

Sai da na ɗan zauna kafin na gane. Fiye da shekara guda da ta wuce na canza wa jakar da tsibirin ke ciki suna, don tsohon sunan bai yi mini kyau ba. Ban gaya wa mai ɗaukar kwafin ba. Tun daga ranar, kowace safiya yana zuwa tsohon wurin, ya tarar da wayam, ya kwafi wayam ɗin, ya buga masa kwanan wata, ya ajiye cikin aminci. Duk sabon ma’aikacin da ya zo kamfaninmu, ni ke zaunar da shi in ja masa kunne ya riƙa gwada kwafinsa kafin ranar buƙata. Har takarda na rubuta a kan haka, tana manne a bangon kicin ɗin ofis.

Na shiga wasan. Kudancin tsibiri yana nan lafiya: gonar Malou, hasumiyar Esben, gadata. Arewa kuwa fili ne fetal, sai ciyawa da wata tunkiya guda tana kallona.

Ranar Alhamis na je ofis. Wani likitan haƙori ya ce koren da ke shafinsa bai cika kwantar da hankali ba, na kwantar masa da shi. Da rana na rubuta a zaurenmu na waya, wanda har yanzu sunan Laurits ke ciki don babu mai ƙarfin halin cire shi.

“Yau babu wasa. Ina gyara.”

Malou ta amso nan take: “Tsohuwa, tsoron Asabar ne ya kama ki? Na sayo igiya mai kauri.”

Esben ya rubuta: “Kina buƙatar taimako?”

“A’a. Ƙaramin abu ne.”

Akwai hotunan gidan sittin da uku a wayata, waɗanda muka ɗauka cikin shekaru. Na jera su a tebur, na fara gini. Ranar Juma’a na ce wa shugabarmu Jytte ciwon kai nake, ta ce in huta, ta ajiye mini yankan kek ɗin Juma’a. Na wuni ina ƙirga duwatsu a hoto ina ɗora su. Na karkatar da rufin. Na ɓata tagogin da gangan, kowace yadda ya ɓata ta. Ba ku san wahalar kwaikwayon shirmen wani ba sai kun gwada. Hannu yana ta son ya gyara. Na haƙa ƙasa, na sa ƙofar ƙarfe, na rubuta allon da kalmominsa. Bayan ƙofar kuwa na tsaya, domin babu hoton da ya taɓa shiga can.

Za ku tambaye ni mene ne shirina. Ba ni da shi. Na dai sayi kwana biyu ne da ƙarya, ina fatan Asabar za ta manta da zuwa.

Ba ta manta ba. Mama ta iso da kwalin kek a hannu ɗaya, da jaka a ɗayan, sanye da rigarta mai ruwan toka ta zuwa biki da ɗan kunnen kakata. Ta shafa labulen da yatsa, ta dubi yatsan. Ta kafa ’yan tutoci a kan tebur, ta ciro mini wata shuɗiyar riga mai dogon hannu da ta saya.

“Wannan ta bayan wanka ce. Shuɗi yana karɓar ki. Wani ma ya taɓa faɗa.”

“Wa?”

“Mukan yi magana da Esben a waya, laifi ne?”

Ƙarfe biyu suka zo. Malou da wandon aikin lambu da igiya a kafaɗa, Esben da rigar ruwa mai launin rawaya, ya naɗo tiyo da kyau kamar zai shiga jarrabawa da shi. Na sa tsohuwar rigar motsa jiki da tabarau na masu iyo. Suka ɗaure ni. Maƙwabta suka leƙo ta taga, wani dattijo mai kare ya tsaya ya ce shi ma an yi masa, kuma bai yi nadama ba sai da ya yi auren.

“Tuzuruwa, akwai wasiyya?” in ji Malou.

“A kula da kunnuwana.”

“An ƙi. Esben, jiƙa ta. Kai da ka fi kowa haƙƙi.”

Ruwan ya yi sanyi har cikin ƙashi. Suka zazzage buhu biyu suna shewa, Mama tana ɗaukar hoto tana cewa a yi a hankali da idanu. Sannan Malou ta ciro jakar takarda ta uku daga cikin kayanta, shewar ta tsaya. An rubuta a jiki da baƙin alƙalami, da rubutun da duk muka sani, mai kama da sawun kaza.

“Laurits ne ya sa na sayo masa tun watan Yuli,” ta ce. “Ya ce kada a ce bai kawo nasa ba.”

Ta zuba mini a ka, a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Wannan shi ne hoton da kuka gani.

Na yi wanka sau biyu, na sa shuɗiyar rigar, gashina yana ta ƙamshin gidan burodi. Aka yanka kek. Sai Malou ta ture faranti, ta ciro kwamfutarta, Esben ma ya ciro tasa. Muka zauna mu uku a teburin da ke da kujeru huɗu. Mama ta tsaya a bayana da kofin kofi.

“Ni fa ban taɓa gane wasan nan ba,” ta ce. “Amma yau zan kalla.”

’Yan mutanenmu na cikin wasan suka haye gada, suka bi hanyar arewa. Gidan ya bayyana a kan tudu. Malou ta ja numfashi.

“Kullum in na gan shi sai in ji kamar zai leƙo ya ce mun makara.”

Muka shiga, muka gangara matakalar da ke kaiwa ƙasa. Esben ne a gaba. A tsakiyar matakalar ɗan mutuminsa ya tsaya cak, ya koma sama, ya sake gangarowa. Ya ɗago kai daga kwamfutarsa ya dube ni.

“Buɗe mana,” in ji Malou.

Ina iya cewa makullin ya lalace. Na ma shirya wannan maganar tun safe. Amma ƙamshin kirfar da Laurits ya sa aka sayo yana cikin hancina. Na buɗe ƙofar.

Rami ne mai bango huɗu na ƙasa. Babu fitila, babu komai.

Malou ta yi wata ’yar dariya. “Kai, Laurits. Wannan wace irin tsokana ce? Akwai wata ƙofar a ɓoye, ko?”

“Babu,” na ce. “Ba gidansa ba ne. Na shafe nasa ranar Laraba, bisa kuskure. Wannan ni na gina.”

“To ki dawo da shi mana. Ba kin ce kullum ana ajiye kwafi ba?”

“Kwafin babu komai a ciki.”

“Duka?”

“Duka.”

Malou ta dubi fuskar kwamfutarta. Da ta yi magana, muryarta ba ta tashi ba, kuma da ta tashi da ya fi mini sauƙi.

“Kin san ba na zuwa maƙabarta. Can dutse ne da suna. Nan nake zuwa, ranar Lahadi, in zauna a kicin ɗinsa. Kuskure kowa yana yi, Asta. Amma kin bar ni na tsaya a gaban abin da kika ƙera ina cewa zai leƙo.”

Ta rufe kwamfutar, ta ɗauki igiyarta, ta yi wa Mama godiyar kek, ta fita. Mama, wadda ban taɓa ganin magana ta ƙare mata ba, ta tattara faranti ta shige kicin ta buɗe famfo.

Na sami Esben a waje yana share kirfar da ke gindin fitila, don kada maƙwabta su yi ƙorafi. Na zauna a bakin hanya da sabuwar rigata.

“A matakala ka gane.”

“Mataki na bakwai,” ya ce. “Nasa ya fi sauran tsayi. Duk wanda ya bi sai ya yi tuntuɓe. Yau ban yi ba.”

“Babu shi a hoto.”

“Na sani.”

Ya jingine tsintsiyar, ya zauna kusa da ni, amma ya bar tazara.

“Ni na gina ɗakin, Asta. Hannunsa ya daina riƙe komai a lokacin. Yini uku na yi a asibiti, yana faɗa ina ɗorawa. Alluna goma sha ɗaya ne a bango. Wasiƙa ce.”

“Ka tuna abin da ke ciki?”

“Kalma bayan kalma. Wata tara ina ƙoƙarin mantawa.” Ya goge hannunsa a gwiwa. “Bari in gaya miki wani abu kafin ki yanke ko za ki yarda da ni. Da ƙofar nan ta buɗe na ga wayam, daɗi na ji. Kafin in tausaya miki, kafin in tuna Malou, daɗi na fara ji. Na ce shi ke nan, ba mai sani sai ni.”

Ban taɓa gaya wa kowa abin da ke tsakanina da Laurits ba, domin babu abin faɗa. Shekara shida ina bin bayansa a tsibiri ina gyara masa katanga, yana rushewa don in dawo. Shi ke nan. Ku ma yau kuka fara ji. Amma Esben malamin lissafi ne, ya iya haɗa abu biyu.

“In ka faɗa mini, ta yaya zan san ba ka rage ba?”

“Ba za ki sani ba.”

“In kuma na ce ka bar shi?”

“Sai in bar shi. Mamanki ta ji daɗi, wataƙila ni ma.” Ya yi murmushin da bai kai ido ba. “Sai dai duk ranar da kika dube ni za ki riƙa tunanin abin da na haɗiye.”

Jakar takardar da Laurits ya sa aka sayo kirfa a ciki tana cikin kwandon shararsa. Na ciro ta, na karkaɗe, na miƙa masa bayanta. Yana da alƙalami a aljihu. Kullum yana da shi. Ya ɗora takardar a gwiwa ya yi rubutu na kusan minti ashirin, bai tsaya tunani ko sau ɗaya ba. Ya ninke ta huɗu, ya ba ni, ya naɗe tiyonsa, ya hau kekensa. Bai shiga yi wa Mama sallama ba, kuma ba ta tambaya ba.

Kwana uku takardar ta yi a kabad, a kan tsohuwar kwamfutar, a ninke. Esben bai kira ba. Na aika wa Malou saƙo huɗu, duk ta karanta. Yau da safe, ina shirin fita aiki, amsarta ta shigo.

“Esben ya ce akwai takarda. Yayana ne. Ki turo mini hotonta, sannan in ga ko zan iya kallon ki.”

Na cire takalmi na koma ciki. Abin da ya rage na ɗakin nan a duniya kwafi ɗaya ne tak, a bayan jakar kirfa, kuma kun riga kun san abin da ke samun kwafi ɗaya a hannuna. Dole in ɗauki hotonta. Ba a kuwa ɗaukar hoton takarda a ninke.

Na zauna a ƙasa tsakanin injin shara da takalman sanyi, na warware ta. Rubutun na Esben ne, tsaf-tsaf, kowane allo da lambarsa a gefe. Amma layin farko ba nasa ba ne, kuma babu wanda zai iya ƙirƙirar sa sai mutum ɗaya.

“Asta, na san kin yi tuntuɓe a mataki na bakwai. Don Allah kada ki gyara shi.”